Ɗari Bakwai da Ni

Ɗari bakwai da sha ɗaya, in ji takardar rajista.
Zauren kuwa don ɗari uku aka gina shi.
Saura a taga, a bakin ƙofa, a kan bulo,
wasu a gindin maina suna karanta motsin bakina.
Shekara tara ina koyar da layin gaba,
na baya sai su sayi kwafin rubutun wani a Gwallameji,
da kuskurensa da komai.

Sai aka ce a raba karatun biyu,
rabi ta waya, rabi ido da ido.
Na ce to.
A zuci na ce, an kuma.

Yanzu sha ɗayan dare nake shiga aji,
ajin shi ne falona a Yalwa,
waya jingine da gwangwanin madara,
allo rataye inda kalanda take dā.
Ina bayanin yadda rodi ke lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi,
janareton maƙwabci yana yi mini amshi.
Wa nake kallo? Ɗigo baƙi kamar ƙwayar riɗi,
ba ya hamma, ba ya gyaɗa kai,
ba ya ce mini, Malam, ba mu gane ba.
A darasi na huɗu akwai kukan autata,
minti na sha biyu. Ban goge ba.

Zuwaira 'yar Alkaleri ta tare ni a matakala:
"Malam, jiya sau shida na mayar da kai baya."
Ban taɓa jin an yi mini haka ba,
ni da ko tambaya ɗaya lokaci ba ya barin in amsa.
Iliya na Bogoro, in ya je gida,
dutse yake hawa ya kamo ni,
ya sauko da ni a aljihu tare da gyaɗa.
Na kuma san masu kunna ni su kife,
su tafi kallon ƙwallo a Wunti,
na'ura ta rubuta musu sun halarta.
Ita ba ta san ƙarya ba, shi ya sa ake yi mata.

Alhamis ce ranar gaskiya.
Ashirin da biyar, ashirin da biyar,
suke shigowa ɗakin gwaji,
inda Malam Barau ke gadin injin matsa kankare
tun kafin a haifi yawancinsu.
Ba ya gaisuwa da baki, shebur yake miƙa maka.
Maikuɗi, wanda ya cinye duk tambayoyin waya,
ya kwaɓa siminti ya yi ruwa kamar kunun gyaɗa.
Bayan mako huɗu muka sa dunƙulensa a inji,
allura ba ta yi nisa ba
ya ruguje kamar tsohuwar dakuwa.
Ba wanda ya yi dariya.
Barau ya ɗebi garin ya zuba masa a tafi:
"An ce gani ya kori ji.
A nan taɓawa ke korar gani."

Ran nan wani dogo mai tabarau ya tsaya bayan an watse.
Ya ce shekara biyu yana taga ta uku daga baya,
sai a waya ya fara ganin fuskata,
ashe ina da wushirya.
Ni ma sai ranar na ji muryarsa.
Gidado sunansa. Na rubuta a bayan hannu.

Wata rana ɗayansu zai ɗora gada a kan Gongola,
in zo wucewa da furfurata a motar haya,
tirela gaba, tirela baya.
Ba zan tambayi wane rabi ke riƙe da mu ba,
wanda ya kalla a ɗaki ko wanda ya kwaɓa da hannu.
Zan dai yi bisimilla.

Sunaye tamanin da uku na haddace bana.
Saura ɗari shida da ashirin da takwas,
ga batir ya yi ja,
ga darasi na tara ban ɗauka ba.